Tumatir Ɗaya na Gyara

Tun da kamfani ya sayi kasuwar aka hana gyara. Kowane tebur da sikelinsa mai ido da baki, duk wanda ya ƙara wa mai saye ko ƙwaya ɗaya, aikinsa ya ƙare. Tanko mai albasa tun bara aka kore shi, amma har yau muryarsa ce ke kiran mutane daga sikelin teburinsa da babu kowa.

Da hantsi Inna Lantana ta zo wajen Mati mai tumatir, ya auna mata.

"Ba gyara, Mati? Ubanka bai taɓa sallamata haka ba."

"Inna, ki rufa min asiri, sikelin yana kallo."

Bakinsa na faɗa, hannunsa ya riga ya jefa ɗaya cikin kwandonta, yadda ya saba tun yana yaro.

Ta yi wuf ta mayar. "Faɗowa ya yi, ɗan nan," ta ce wa sikelin.

Can sai ga muryar Mati sak daga cikin ƙarfen: "Tumatir mai kyau, Hajiya, matso ki gani."

Mati kuwa bakinsa a rufe yake.