Ruwan da Aka Buɗe a Nuwamba

Yaya Anselmo, bana hohoba, itacen man nan da muke nomawa, ta yi 'ya'ya har rassa na shafar ƙasa. Kai ne kawai ba ka nan.

Ka san dokar Baba: daga Oktoba a rufe famfo. A bar itatuwan da ƙishirwa su yi barci, don in suka sha ruwa sai su ruɗe su yi fure da wuri, sanyin Janairu ya zo ya ƙone shi. Makullin ɗakin famfo kuwa a wuyanka yake kwana.

Waccan shekarar Nuwamba ta zo da zafi kamar bazara. Ganye ya yi toka-toka, ya lanƙwashe, ba ya kalluwa. Babban injin famfon ma ya tsinka bel, sai da ka je garin Caborca ka kwana uku kana neman wani, aka bar ƙaramin injin na gefe mai aiki.

A Disamba gonarmu ta cika da fure. Maƙwabcinmu Don Fulgencio ya leƙo ta kan shingen waya, ya kira Baba.

"Cipriano, amaryarka ta yi kwalliya ba a sa rana ba."

Baba bai yi dariya ba. Tsugunnawa ya yi, ya tona ƙasa har gwiwar hannu, ya iske danshi.

Wata safiya raɓa ta daskare. Kafin hantsi furen ya yi baƙi. Gonar Fulgencio da ke barci ko gezau.

"Wa ya buɗe ruwa?" in ji Baba, muna cin wake.

Ka ajiye cokali. "Ni ne, Baba."

"Shekara goma ina koya maka. Ƙanenka da ya leƙa aji biyu ba zai yi wannan wautar ba."

Ka cire makullin, ka ɗora kusa da kwanonsa. Da sati ya zagayo ka bi masu ratsa hamada zuwa arewa don tsallake iyaka. Bayan wata biyu aka tsinci gawarka gindin wata ƙaya, jarkarka ba ko ɗigo.

Mama na kunna maka kyandir duk Lahadi. Baba kan ce, "Allah ya jiƙansa, yaron kirki, sai dai ba shi da kan noma." Sai ya dafa kafaɗata.

Ran da za ka Caborca, Yaya, ni ka rataya wa makullin, ka ce, "Tadeo, kar ka taɓa komai." Ganyen ne ya ba ni tausayi, na buɗe ruwan. Har yau ban gaya wa kowa ba.