Kwalayen Sarkin Noma

"Baba, ka sauka daga sarautar noma, zamaninka ya wuce," in ji malamin gona a gaban dagaci. Tsutsa na cin dawar garinmu, feshin da ya kawo bai hana ta ba, amma ni yake ɗora wa laifi.

Na sa aka zazzage buhuna a tabarma. Kwalayen sukari ne, shekara arba'in ina rubuta abin da gona ta koya mini a bayansu, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Kowane kwali na huda shi, na ɗaure shi da ɗan'uwansa. Ƙulli ɗaya na ruwa ne, biyu na iri, uku na cuta.

Na zaro kwalin tsutsa na miƙa masa.

"Bi zaren, Malam. Ka ɗaga murya."

Zaren ya kai shi shekara uku daban-daban, kowacce kuma ta kai shi kwali guda: karan bara da aka bari jibge a gona har damina.

Dagaci ya sa aka tsaga kara. Ga ramukanta nan, ga ɓawon da ta bari.

Malamin ya durƙusa. "Baba, wanne zan karanta gaba?"

Na zaro masa nan take. Babu wanda ya sani a wurin cewa rabon idona da ganin harafi tun damina huɗu da suka wuce. Yatsuna ke karatun.