Tsaya Inda Ranki Yake So

Ranar da Fa'iza ta fara ganin Faruku, tsoro ya ba ta. Ran kasuwar Gummi ce, ba a daɗe da ba Zamfara jiha ba. Tana tsugune gaban tabarmar tsoho Dodo tana zaɓen tsofaffin littattafai, shi kuma yana jujjuya wani ɗan baƙin akwati. Ya danna wani wuri, akwatin ya buɗe fat, wata fata mai naɗi kamar zugazugin maƙeri ta fito da ido ɗaya a bakinta. Fa'iza ta yi tsalle har ta taka tiren mai goro.

"Kyamara ce, ba ta cizo," in ji shi. Ya dube ta, ya dubi kyamarar, ya biya bai nemi ragi ba.

Manomin shinkafa ne a fadama, kuma magana tana yi masa wuya. Ya daɗe yana zuwa zance ƙofar gidansu, amma bai taɓa wuce labarin ruwa da ɓarnar tsuntsaye ba. Sai bayan kaka ya ce zai ɗauke ta hoto a wani fili da ke bayan gari, wai can haske ya fi kyau. Kakarta, Iya Tabawa, ta yafa gyale ta ce ƙafarta ƙafarsu.

"Tsaya inda ranki yake so," ya ce.

Ta zaɓi bakin inuwar wata kanya. Kafin ya ɗauka ya nuna mata yadda abin yake. Ta leƙa 'yar tagar da ke sama, sai ga Faruku biyu, ɗaya a kan ɗaya kamar inuwa a ruwa. Ta murza ɗan faifan da ke gefe, su biyun suka matso, suka matso, suka zama ɗaya. Lambar da faifan ya tsaya a kai, ya ce, ita ce ƙafa nawa ke tsakaninsu. Har suka koma gida tana dariya ita kaɗai.

Amma tun a filin, da ya danna, ƙyas, sai ya ɗauko farin dutse ya ajiye daidai inda ta tsaya, wai don kada wurin ya ɓace.

Zuwa na biyu ta aro atamfar ƙawarta Shamsiyya. Shi ya tsaya a kan dutsen, ita ta ja baya. "Ƙara kaɗan. Dama. Yauwa, sha biyu." Ƙyas, wani dutsen. Zuwa na uku ta sha lalle har gwiwar hannu, ya tambaye ta ko tana hango gulbi daga nan. Na huɗu ya tambaya ko rana tana dukan ta da hantsi.

"Wanga yaro," Iya ta ce daga gindin kanya, "in ka ƙare da ita a ɗauke ni. Na fi ta haƙora."

Fa'iza ta bi gidajen ƙawaye tana shelar cewa hotunanta suna Sakkwato ana wanke su. Ta share musu wuri a bango. Akwai kuma wata kalma da ta ajiye a bakinta, wadda ta yi niyyar faɗa masa ranar da ya sa hoton farko a hannunta.

Rani ya shigo, hoto bai zo ba. Faruku ma ya rage zuwa. In ya zo, a gajiye, da busasshiyar laka a dunduniya, alhali an daɗe da yanke shinkafa.

"Ko a jaki aka ɗoro su?" in ji Shamsiyya.

Sai ga saƙo daga yayarta Hasana da ke aure a Anka: ta zo ta koyi ɗinki ta zauna can, kafin ruwa ya ɓata hanya. Innarta ta ce zaɓi nata ne. Fa'iza ta ɗaure kayanta, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Ran kasuwa ta tafi wurin Dodo ta tambaye shi yaushe hoto yake dawowa daga Sakkwato.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Da wane fim, ɗiyata? Irin na kyamarar nan faffaɗa ne, rabona da ganin shi tun kafin in rufe shagona na hoto. Na gaya ma Faruku tun ran da ya saye ta. Ya ce ba komi."

Ba ta jira Iya ba. Ta nufi bayan gari, gyale yana jan ƙasa, tana shirya maganganun da za ta watsa masa. Da ƙyar ta gane filin, don wani ya ta da ginin tubali a wurin, katanga ta kai kafaɗa. Faruku ya fito daga ciki da laka har gwiwa, kyamarar tana rataye a reshen kanya. Ta fizgo ta, ta ɓalle bayanta. Wayam.

"Atamfar aro! Lalle! Gari duka ya ji! Mi na yi maka, Faruku?"

Sai ya nuna ƙasa da yatsa.

A gindin katangar, daidai kusurwa, farin dutse ne. Ta zaga ginin. Wani dutsen, da wani, da wani. Ta shiga ciki, ta leƙa ta gurbin da aka bari na taga, ga gulbi can yana sheƙi. Dariya ta ƙwace mata, ta faɗa da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga kanya: "A gaya wa Yaya Hasana ba ni zuwa. Tun da da ƙafata na auna kusurwa huɗu na ɗakin nan, wallahi ni zan zauna a cikinsa."