Ranar da Aka So Hana Mu Fili

Babana kaɗai ne Bahaushe a ƙungiyar wasan kurket ta 'yan Pakistan a unguwar Hindawiyya. Wata la'asar, a taronsu na ƙarshen shekara, shugaba ya kawo ƙararmu: wai mu yara masu ƙwallon ƙafa muna lalata fili, a hana mu shiga. Ina bayan Baba.

Baba ya ajiye kofin shayinsa, ya dubi shugaban. "Ya Shaikh, bana wasa nawa muka ci?"

"Ko ɗaya."

"To, yaran nan suna cin nasu. Halas, shi ke nan, ku bar filin ya riƙa ganin nasara."

Aka fashe da dariya, maganar korarmu ta mutu. Na karanta jawaban lauyoyi da dama, ban ga kariyar da ta kai wannan ba. Allah ya jiƙan Baba.