Mesar da Ta Fi Natsuwa

Ku yi haƙuri da ƙarfin halina, wannan ne labarina na farko.

"Kai tarkace kake tarawa, Dakta," in ji Injiniya Badaruddeen, yana nuna wa abokinsa Dakta Surajo nasa akwatunan gilashin da ke falonsa a unguwar Thumama. "Macizanka ja, kore, mai zane, kamar shagon atamfa! Ni mesa kawai nake kiwo, guda tara. Mai iri ɗaya shi ne gwani, kowace na san halinta."

Mu baƙin da ya gayyata muka gyaɗa kai. Abin da yake nema ke nan, a ce ya fi Surajo sani.

Ya tsaya gaban akwatin ƙarshe. "Ga Gimbiya, ta fi duka natsuwa. Wata biyu ba ta ci ba, ko motsi ba ta yi. Haka suke azumi, sai masani ke ganewa."

Matarsa Haulatu ta ajiye shayi, ta buɗe akwatin, ta ɗago Gimbiya ta wutsiya. Badaruddeen ya yi tsalle baya, don bai taɓa kama ko ɗaya ba. Ita ke ba su abinci.

"Baban Jannat, roba ce. A shagon kayan wasan yara na saya, ranar da na tsinci ta gaskiyar cikin buhun shinkafata."

"Ta gaskiyar fa?" in ji Badaruddeen.

Surajo ya kurɓi shayi. "Haulatu ta ba ni ita, tana cikin tarkacena. Ci take yi sosai, khalas, shi ke nan."

Ni dai bari in sulale kafin a lura da ni.