Shaidar Malama Rakiya

Tun da aka kawo na'urar tantancewa, 'yar ƙarama kamar tafin hannu, ita ke yanke wa 'yan aji ɗaya hukunci. Wanda ya iya karatu ya wuce, wanda ya kasa kuwa shi da makaranta har abada.

Malama Rakiya ta kira Usaina, ɗalibarta mai in'ina. Yarinyar ta taso ta karanta layin tsaf, babu gargada. Sai a lokacin Malama ta lura da tabon da ke haɓarta. Hassana ce, abokiyar tagwaicin Usaina. Usaina na can bencin baya, ta dunƙule kamar mai jin sanyi.

"Malama, in koma?" yarinyar ta tambaya, idonta ya kawo ruwa.

Na'urar ta ce, "Ta ci. Malama, ki dangwala yatsa ki shaida Usaina ce."

Malamin da ya yi shaidar ƙarya bara, ko sallama da ɗalibansa ba a bari ya yi ba. Malama ta sake duban bencin baya, sannan ta dangwala.

"An karɓa," in ji na'urar. "Yatsanki yana gumi, Malama. Na adana wannan ma."

Malama ta kira na gaba.