Hayaƙin Maigida

Yana tsakiyar lissafin hayaƙin da shayin matarsa ke jawo wa duniya, sai ga ta tana ƙwanƙwasa gilashin motar da yake zaune a ciki.

Tun da ya dawo daga taron ɗumamar yanayi gidan bai sake hutawa ba. Ya manna wa dutsen guga takarda: kilo kaza na gurɓatacciyar iska a shekara. Firji ma ya samu tasa. Har surukarsa da ta zo gaishe su sai da ya lissafa mata hayaƙin tafiyarta, ta koma ko sallama babu.

Ya sauke gilashin, sanyin motar ya bugi fuskarta.

"Lafiya? Ai na gaya miki hayaniyar cikin gida ke hana ni aiki."

"Lafiya lau, maigida. Aro na zo yi."

Ta zare biro daga aljihunsa, ta yagi takarda. Ta waiga bayan motar, inda salansa ke aman hayaƙi tun hantsi, alhali taya ko motsi ba ta yi ba.

Ta yi tari, ta manna masa takardar a goshi.

"To, gwani, wannan kilo nawa zan rubuta?"